Amsa ga ƙaninmu da ya ce mutane na ɓace masa in yana jawabi

Wa'alaikumus salam ƙanina. Ka ce an ba ka jawabi a taron tsofaffin ɗalibai, abu uku za ka faɗa, amma kullum da ka tashi daga wata maganar zuwa wata sai ka ga idon jama'a ya koma kan waya. To ni ma abin nan ya taɓa ci na.

Lokacin ina sakataren ƙungiyar unguwarmu aka ce in yi bayani bayan isha'i a ƙofar gidan mai unguwa, maganar gyaran burtsatse da kuɗin 'yan sintiri da yashe kwata kafin damina. Na rubuta abina tsaf, kowanne da lambarsa, na miƙe na dinga zuba kamar rediyo ko numfashi ban ja ba. Ina gamawa wani dattijo ya ce, "Yaro, wato kuɗin da kowane gida zai kawo, 'yan sintirin ne za su gyara burtsatsen da shi?" Aka kwashe da dariya, ni kuwa sai gumi. Kuma laifina ne wallahi, lambobin nan ni kaɗai nake ganinsu a takarda, su kunne kawai suka zo da shi.

Tun daga ranar nake faɗa tun farko, abu uku ne ya tsayar da ni gabanku, in lissafa su da yatsa kowa ya gani. In na gama na ɗaya sai in rufe shi da baki, in ce to maganar burtsatse ke nan mun ajiye ta, in ɗan yi shiru. Shirun nan kada ka ji tsoronsa, kai za ka ga kamar ya yi tsawo amma su a lokacin suke haɗiye abin da ka faɗa. Ka lura da Juma'a mana, liman yakan ɗan zauna tsakanin huɗuba ta farko da ta biyu, ko wanda ke sahun waje ya san an rufe wani babi. Haka a tafsirin azumi, da malam ya ce wa alaramma ja mu je, kowa ya san an bar waccan ayar.

Amma wanda ya fi yi min aiki shi ne ɗaura maganar da dalili, ba "sai kuma" kawai ba. Misali in ce, in an gyara burtsatsen nan ai sai an samu mai gadin janareto da dare, shi ya kawo mu maganar 'yan sintiri. Ka ga ta farkon ce ta haifi ta biyun, ba wanda zai ɓata a hanya. In ka rasa abin da zai haɗa biyu to wataƙila jerin ne bai yi ba, sauya musu wuri.

"Kun gane ko?" ɗin nan a rage shi dan Allah, za su ce eh ko ba su gane ba. Kuma "daga ƙarshe" sau ɗaya ake faɗa, na ga mai faɗa sau huɗu har mutane suka fara laluben takalma yana tsaye.

Turo abubuwan naka uku nan mu ga wanne ya kamata ya fara.