Amsoshin Wasiƙun Manoma: Gyaran Bokitin Gaban Ƙaramar Tarakta

Wani manomin auduga daga Pitowa ya rubuto cewa bokitin gaban taraktarsa ya tsage a daidai inda hannun ɗagawa yake riƙe shi, an yi masa walda a Garwa, amma bai jima ba tsagar ta dawo. Yana tambaya ko ya sayi sabo.

Alhaji, ka riƙe kuɗinka tukuna. Abin da aka yi maka shi ne an shafa walda a saman tsagar kamar mai yaɓen bango, cikinta kuwa yana nan a buɗe. A fara sauke bokitin ƙasa, a kashe inji, a motsa sandar sarrafawa har ƙarfin man da ke ɗaga bokitin ya sauka, sannan a cire wayar batir. A wanke laka da giris, a huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar domin ta daina tafiya, a goge ta da inji har ta yi kwari, sannan a cika ta kaɗan-kaɗan da sandar walda mai lamba 7018, ana canza gefe domin kada zafi ya lanƙwasa ƙarfen. Wannan sanda ba ta son danshi, don haka da damina a ajiye ta cikin gwangwani rufaffe. Mai walda ya maƙala wayar ƙasa ta injin walda a jikin bokitin kansa, kusa da aikin, kada wutar lantarki ta bi ta fil-fil ɗin da ke haɗa hannayen ɗagawa da kuma silindar da ke motsa su. Bayan haka a ɗora faranti mai kaurin milimita 6 wanda ya zarce tsagar, a zagaye kusurwoyinsa.

Daga Yagwa kuma, wani ya ce leɓen bokitinsa ya cinye saboda kwasar yashi da marmara, kuma an ba shi shawarar ya liƙa sifirin mota. Na gaji da amsa wannan tambaya, amma ga shi kuma. Sifirin yana da araha a wurin masu gwangwan, kuma yana da tauri, sai dai taurin ne illarsa, domin ƙarfe ne mai yawan sinadarin gawayi (carbon), wanda gefen waldarsa yake ƙara bushewa idan ya huce da sauri, har ya karye da zarar ya daki dutse ko busasshiyar ƙasar karal, wato laka mai tauri idan ta bushe. Wasu ma suna kwarara masa ruwa don su gama da wuri, wato suna gayyato karayar da hannunsu. Abin da ya dace shi ne ƙarfen da aka yi domin jure goga, irin su Hardox 400. Wanda bai samu ba, ya nemi tsohon leɓen gireda ya ɗaura shi da kusoshi da noti. Idan kuwa dole sai sifirin, a gasa shi kafin walda, bayan walda kuma a binne shi cikin busasshen yashi ya huce a hankali, kuma ban yi maka alkawarin zai daɗe ba.

Mai tambaya kan inda za a liƙa ƙugiyar sarƙa a jikin bokiti, a liƙa ta saitin hannayen ɗagawa, ba a tsakiyar bakin sama ba.

Wanda kuma yake son lulluɓe bokitin duka da faranti mai kauri, ya sani cewa kowane kilo da ya ƙara an cire shi ne daga takin da zai ɗauka, kuma gatarin gaba, wato sandar da ke riƙe ƙafafun gaban taraktar, shi ne zai sha wahalar. Ƙarfen kwana (mai siffar L) guda ɗaya a tsawon bakin sama ya wadatar.