Katan biyu na tsofaffin gem ɗin Japan: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shago a Kano, ina sayar da tsofaffin na'urorin PlayStation da hannuwansu, daga ciki kuma na ajiye talabijin uku, yara da samari na biya suna bugawa. Wani abokina mai harkar gwanjon Japan ya yi mini tayin katan biyu na tsofaffin gem na faɗa, irin waɗanda aka ciro daga katun ɗin Japan, su Dragon Ball da Naruto. Wasu kaset ne na Super Famicom, wato na'urar Super Nintendo ta Japan, wasu faifan PS1 da PS2, har da na'ura huɗu. Ya ce in ba shi naira 1,200,000, wai Turawa da dala suke sayen irinsu. Jarina gaba ɗaya bai wuce miliyan 2 ba. Kayan ba su iso ba, hoto biyu kawai na gani. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. A yadda aka kawo maka cinikin nan, kada ka saya. Kashi 60 cikin 100 na jarinka ake so ka ɗora a kan kayan da ba ka ƙirga ba, ba ka gwada ba, ba ka san sunayensu ɗaya bayan ɗaya ba. Cinikin biri a sama ke nan, kuma ko a shari'a an hana cinikin da ke da garari irin wannan. Ban ce abokinka maƙaryaci ba ne. Gaskiya ne akwai masu sayen tsofaffin gem da dala. Sai dai abin da suke saya daban, abin da aka saba cika katan da shi daban, kuma a nan nake so mu daɗe.

Mutum biyu ne ke ba da kuɗi a kan irin kayan nan. Akwai mai bugawa, akwai mai tarawa. Mai bugawa shi ne yaron da ke zaune a kan bencinka da yamma, yana jiran a ci wani ya karɓi hannu. Shi ba ruwansa da kwalin faifai ko shekarar da aka buga shi, burinsa Goku, jarumin Dragon Ball, ya tashi sama, maɓalli ya amsa masa. Mai tarawa kuwa yawanci mutum ne da ya haura shekara talatin ko arba'in, a Amurka ko Faransa ko Japan, yana neman abin da ya yi wasa da shi yana yaro ya ajiye a kanta. Kai a yau na farkon ne ke shigowa shagonka, na biyun ko lambar wayarka bai sani ba.

Ɗauki Dragon Ball Z: Super Butoden, wanda na yi imani ba za a rasa shi a katan ɗinka ba. Kamfanin Bandai ya fitar da shi a Super Famicom a 1993, ya yi kasuwa har ya wuce kwafi miliyan ɗaya a Japan kaɗai, aka bi shi da na biyu a ƙarshen shekarar, na uku a 1994. Shekararsa ta haura talatin, amma yawan da ya yi ya hana shi tsada. Kaset ɗinsa tsirara, ba kwali ba ɗan littafin bayani, a kwandon arha ake zuba shi a shagunan gwanjo na Japan irin su Hard Off da Book Off. Da irinsa dillalai ke cika katan, domin shi ne ya fi sauƙin samu. Haka faifan Naruto na PS2 da kamfanin CyberConnect2 ya fara fitarwa a 2003: an buga su da yawa, har yanzu suna nan jibge.

Masu tsadar suna da dalilinsu. Yu Yu Hakusho na Mega Drive, na'urar kamfanin Sega, wanda kamfanin Treasure ya yi a 1994, mutum huɗu ke iya gwabzawa a lokaci guda, kuma ya fito ne a na'urar da ba ta samu karɓuwa sosai a Japan ba, don haka masu tarawa ke farautarsa. JoJo's Bizarre Adventure na Capcom, wanda ya zo PS1 da Dreamcast a 1999, shi ma ana nemansa. Wani abin da ke riƙe farashin irin waɗannan shi ne lasisi. Gem ɗin da aka ciro daga katun yana da iyayen giji da yawa: mai zanen labarin, kamfanin mujallar da ta buga shi, kamfanin da ya yi fim ɗin, sannan wanda ya yi gem ɗin. Kafin a sake fitar da shi sai an sasanta da su duka, shi ya sa da yawa ba a sake bugawa. To amma mutumin da ya haɗa katan a Osaka ko Tokyo ya fi ni da kai sanin wannan. Masu daraja yana tsince su tun kafin ya rufe katan, ya sayar ɗai-ɗai a kasuwannin intanet irin su Mercari ko Yahoo Auctions.

Ko an dace da mai tsada ma, tsadar ba ta da tabbas. Dragon Ball GT: Final Bout ya fito a Amurka a 1997, lokacin Dragon Ball bai gama shiga gidajen Amurkawa ba, aka buga kaɗan. Da katun ɗin ya yi farin jini sai faifan ya yi wuya, farashinsa ya yi sama. A 2004 kamfanin Atari ya sake buga shi, duk mai son bugawa ya samu a farashin shago. Kuma lura, bugun Amurka ne ya yi wuya. Bugun Japan na wannan gem ɗin, wanda shi ne zai zo a katan ɗinka, bai taɓa yin wuya irin haka ba. Labarin dala da ya cika kunnuwan mutane yawancinsa daga 2021 ya taso, shekarar da aka yi gwanjon Super Mario 64 guda ɗaya, sabo fil a ledarsa, a kan dala miliyan 1.56 a Amurka. Wancan kaya ne da ba a taɓa buɗewa ba, kuma daga baya kasuwar ta sauko.

Mai tarawa lafiyar kaya yake biya. Yana son kwali bai lotsa ba, ɗan littafin bayani na ciki, faifai ba ƙarzuwa, har 'yar siririyar takardar da Japanawa ke naɗawa a gefen gidan faifan PS1, wadda suke kira obi, yana tambayarta. Kaset guda da kwalinsa kan ninka tsirararsa sau da yawa. Kayan da suka kwana a kwantena, suka sha zafi da danshi a tashar ruwa, sannan suka hau mota zuwa Kano, da wuya kwalinsu ya iso yadda mai tarawa ke so. In ma ya iso, sai ka sake aika shi waje: kuɗin aike, la'adar dandali irin eBay da ke haura kashi 10 cikin 100, wahalar karɓar kuɗi daga waje, ga mai saye da zai iya cewa kaya bai yi masa ba a mayar masa da kuɗinsa. Kana gogayya ne da ɗan Japan da ke zaune kusa da tushen kayan, wanda aikensa ya fi naka arha da sauri.

Sai batun na'ura huɗun nan, wanda ya fi damuna. Wutar gida a Japan bolt 100 ce, tamu 230. Na taɓa tsayawa a wani shago ana buɗe irin wannan kaya, yaron shagon ya zaro na'ura fes da ita, ko ƙura babu, ya jona ta kai tsaye a soket don ya nuna wa maigidansa. Ƙara ɗaya muka ji, ɗan hayaƙi ya fito ta baya, warin ƙonannen roba ya cika shagon. Maigidan ya daɗe riƙe da ita a hannu bai ce komai ba. Duk na'urar da ta fito daga Japan, ka juya bayanta ko adaftarta ka karanta. In 100V kawai aka rubuta, sai da 'yar taransifoma mai rage wuta, kuma kuɗinta ya shiga lissafin sari. Bayan wuta akwai kullen yanki. Faifan PS2 na Japan ba ya tashi a na'urar Turai, wadda ita ta fi yawa a wajenmu, sai in an yi mata aiki. Kaset ɗin Super Famicom yana shiga ramin Super Nintendo ta Turai daidai, amma ba zai kunna ba. In ya tashi ma rubutun duk Japananci ne, kuma maɓallin da'ira ne ke nufin "na yarda" a maimakon X da yaranka suka saba. Sunaye ma sun bambanta: gem ɗin Dragon Ball da yara ke kira Budokai Tenkaichi 3, a kwalin Japan Sparking! Meteor za ka gani.

Ka kuma faɗa wa kanka gaskiya a kan kasuwar gida. Yawancin PS2 da ke yawo a garuruwanmu an loda musu gem a filashi ko hadis (hard disk), mai saye ya saba a ba shi gem ashirin kyauta a kan na'ura. Ban ce hakan daidai ne ba, haƙƙin masu shi ne ake ci, amma shi ne yanayin da za ka fitar da kayanka a ciki. Wanda ya saba da haka ba zai ba ka dubban nairori a kan faifai ɗaya mai rubutun da ba ya iya karantawa ba. Kwantai za ka yi, kuma jarin miliyan 2 ba ya jure kwantan miliyan ɗaya da ɗoriya.

Abin da ya faranta mini rai a wasiƙarka shi ne talabijin ukun nan. Nan kuɗinka yake, kuma gem na faɗa sun fi kowanne dacewa da shi. Wasan ƙwallo kan riƙe kujera minti goma ko fiye, faɗa ɗaya kuwa cikin 'yan mintuna an gama, wanda aka ci ya tashi wani ya zauna, 'yan kallo a baya suna ihu suna jiran layi. Budokai Tenkaichi 3 da kamfanin Spike ya yi a 2007 yana da 'yan wasa sama da 150 in an haɗa da rikiɗarsu, yaro zai yi wata yana zuwa bai gama gwada su ba. Sha'awar ma ba ta mutu ba, don a Oktoban 2024 aka fitar da magajinsa, Sparking! Zero, a sababbin na'urori, watanni bayan rasuwar Akira Toriyama da ya ƙirƙiro Dragon Ball. Wanda ba shi da halin PS5 zai zo wurinka ya buga tsohon.

Irin wannan wasa yana cin hannu. Samari na danna maɓalli kamar suna daka, suna murza sandar da tafin hannu, cikin 'yan makonni roba ta mutu. Saboda haka da ni ne kai, kuɗin da zan fitar zai tafi ne ga hannuwa masu ƙwari, da robobin ciki da wayoyi na canji, da koyon gyaran idon na'ura, da wutar da ba ta yankewa a tsakiyar faɗa, ko ƙaramin sola ne da batir. Duk mai PS2 a unguwarku zai buƙaci hannu ko gyara wata rana, wannan ciniki ne mai dawowa. Sony ta daina ƙera PS2 tun wajen 2013, don haka mai iya gyara darajarsa ƙaruwa take yi kowace shekara.

In ka so shirya gasa don jawo jama'a, ka yi, amma kyautar ta fito daga aljihunka ko na wani mai tallafawa. Da zarar 'yan wasa sun haɗa kuɗi wanda ya ci ya kwashe, an shiga caca, kuma ranar da iyaye suka ji haka shagonka ya gama zama lafiya a unguwa. Ka hana 'yan makaranta zama a lokacin karatu, ka kashe talabijin in an kira salla. Mai gidan gem da maƙwabta suka yarda da shi ya fi daɗewa a wuri.

Shi kuma abokin naka kada ka rufe masa ƙofa, ka canza sharuɗɗan ciniki. Ka ce ya turo sunan kowane kaya da hotonsa gaba da baya, faifai a juye ka ga cikinsa. Na PS1 na asali bayansa baƙi ne, in ka ga fari ko ruwan azurfa kwafi ne. Kowane suna ka shiga eBay ka duba farashin da aka riga aka sayar, ka ƙyale wanda mai kaya ya rubuta yana fata. Daga abin da ka gani ka cire kuɗin aike da la'ada da fito, ka ga me ya rage. In kaya sun iso, a jona kowace na'ura a gabanka ta taransifoma, a gwada kafin kuɗi ya fita. Ka tsinci waɗanda lissafinsu ya fita, kada jimillar ta wuce naira 200,000, wato kashi 10 na jarinka, kuɗin da in ya kwanta ba zai hana ka sari ba. Sauran kuwa, tun da ya tabbata Turawa na so, ka ce ya ajiye su a shagonka, duk wanda aka sayar ka ɗauki la'adarka ka ba shi nasa. Ka rubuta wannan a takarda da shaidu biyu, har da wanda zai ɗauki asarar abin da ya lalace a ajiye. Bayan wata uku ka sake rubuto mini, ka gaya mini guda nawa suka fita da kuma wa ya saye su.