Amsa: Kayan doki da makamai a tuddan Sarmatiyawa, ɓoyon dukiya ne?

Malam, ka tambaya ko linzamai da makaman da ake tonowa a tuddan kaburburan Sarmatiyawa, ba tare da ƙashin mutum a kusa ba, dukiya ce da aka ɓoye don gudun yaƙi. Ni dai ban ga alamar haka ba.

Mutanen nan makiyaya ne mahaya dawakai, harshensu dangin Farisanci, sun mamaye filayen kudancin Rasha da Yukren na yau tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS) har zuwa ƙarni na 4 bayanta. Wanda ya ɓoye dukiya don tsoro, duk abin da hannunsa ya kai yake kwasa. Su kuwa waɗannan kayan kusan iri ɗaya ne a wurare masu nisa da juna: linzami, faifan azurfa na adon doki, kan mashi, kwalkwali, wani lokaci tukunyar tagulla. Maimaituwar nan ita ta sa masana da yawa suke ganin al'ada ce, ko dai sadaukarwa ga abin bautarsu ko girmama jarumin da ya rasu.

Amma a rarrabe. Akwai kuma ma'ajiyar da ake haƙawa a gefen ainihin kabari. A tudun Dachi, kusa da garin Azob a kudancin Rasha, an tono irinta a 1986: kayan doki na zinare da wuƙa mai kuben zinare da duwatsu masu daraja, na ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa (AS). Ɓarayi sun riga sun wawashe kabarin tun zamanin da, ramin gefen ne ya tsere musu. Kayan suna gidan tarihin Azob yanzu.