Me ya sa yaran katun ba sa girma?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana shekararsa bakwai. Katun ɗin da yake kallo a waya shi ne ƙanena ya kalla tun yana lakwal. Yau ƙanen nawa ya yi aure har da ƴaƴa biyu, amma yaron cikin katun ɗin yana nan yadda yake. Maƙwabciyata ta ce mai yawan kallonsu shi ma hankalinsa ba ya girma. In hana shi ne? Wata uwa daga Ali Ɗan Sofo, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Zancen maƙwabciya ki bar shi a bakin rijiya inda aka yi shi. Yawancin yaran katun ba sa girma, kuma dalilin na sana'a ne. Bart Simpson na katun ɗin The Simpsons shekararsa 10 tun 1989. Ash na Pokémon ya fito a 1997 yana da 10, aka sallame shi a 2023 bai ƙara ko ɗaya ba. Kowane ɗan katun yana da takardar siffa: gabansa, gefensa, bayansa, da tsawonsa da ake aunawa da girman kansa. Ita duk masu zane ke bi, ga shi daƙiƙa guda ta kan ci zane 12. In an ƙara masa shekara, sai an sake takardar, an sake riguna da jakunkunan lakwal masu hotonsa. Murya ma an yi mata dabara: muryar yaro tana fashewa in ya balaga, shi ya sa ake ba mata manya. Mace ce, Nancy Cartwright, ke magana da bakin Bart.

Akwai masu girma, irin su Goku da Naruto, da suka yi aure har suka haihu. Su ma tsalle ake yi da su. Ben 10 ya tashi daga 10 zuwa 15 a dare ɗaya a 2008.

Abin da ya kamata ya hana ki barci daban ne, wato yardar da iyaye suka yi cewa in zane ne, kuma akwai yaro a ciki, to na yara ne. Wannan kuskure ya cika gidaje. Shekarun ɗan katun ba sa nuna shekarun wanda aka yi wa shi. South Park, tun 1997, yaran firamare ne a ciki, amma ashar da batsa ne zalla, a Amurka ma an yi masa alamar manya kaɗai. Family Guy akwai jariri mai magana, ba a yi shi don mai shekara bakwai ba. Amma je ki wajen masu turi a kasuwa, ki ce a cika miki kati da "na yara". Zai kwashe duk abin da aka zana ya zuba, bai taɓa kallon minti biyar ba, in ma ya kalla ba ya jin harshen. Shi dai a ba shi kuɗinsa. Uwa kuma ta hango launi daga madafa ta ce alhamdu lillahi, yaro ya zauna.

Masu girman nan ma sun fi wuyar sha'ani. Naruto ya fara a 2002 ya ƙare a 2017, kashi 720, masu kallonsa suna girma tare da shi, faɗan yana ƙara jini da mutuwa. Ɗanki kuwa duka ake tura masa a kati guda. Cikin hutu ɗaya zai isa inda aka tanadar wa samari, alhali shi bakwai ɗinsa tana nan.

Don haka ki karɓi wayar yau. Kowane katun ki kalli kashi uku: na farko, na tsakiya, na ƙarshe, don na farkon kan zo da ladabi. A tele, ki duba lambar shekarun mai kallo da ke fitowa a kusurwa, 10, 12, 16 ko 18, ki sa lambar sirri a dikoda, kada ta zama sifili huɗu, yara sun san ta. Katin kasuwa ba shi da wannan alama, sai idonki. Wanda ba ki gane harshensa ba, ki kira ƙanen nan naki ya zauna ya fassara miki.