Masu Saye Sun Watse: Amsoshin Tambayoyinku daga Jidda da Makka

Wasiƙar farko daga Jidda ta zo:

"Assalamu alaikum Hajiya. Shekara takwas ina yin sambusa da dambun nama da yaji a gida. Tun da aka rushe unguwarmu a 2022 masu sayen kayana suka watse, ni ma na koma inda ban san kowa ba. Na tara riyal 1,500. Wata mai talla a Snapchat ta ce in ba ta 1,000 ta tallata ni. In ba ta, ko akwai abin da ya fi?"

Wa alaikumussalam ɗiyata, Allah ya sa wa nema albarka. Kada ki ba ta, aƙalla ba yanzu ba. Abin da ta ɗora a Snapchat awa 24 zai yi ya ɓace, kuma masu bin ta wasu suna Riyad, wasu Dammam, wasu ma Kano. Sambusarki ba za ta kai can da zafinta ba. In ma nan gaba kika ga ya dace, ki fara tambayar ta ko tana da lasisin Mawthooq, domin tun 2022 hukuma ta wajabta shi a kan masu karɓar kuɗin talla a waɗannan kafafe.

Ni abin da na hango a wasiƙarki daban ne. Kin ce mutanenki sun watse, amma ai ba su bar duniya ba, lambobinsu suna nan cikin wayarki. Kowace a cikinsu yanzu tana wani bene da sababbin maƙwabta, wato matan da suka san ɗanɗanon hannunki sun bazu a unguwanni goma maimakon ɗaya. Da tsohuwar zuma ake magani. Ki zauna bayan isha'i ki bi su ɗaya bayan ɗaya da saƙon murya, ki kira kowace da sunan da kika saba kiranta, ki tambayi yara, ki yi mata jajen tashi, sannan ki ce kin dawo aiki. Kada ki dogara da saƙon nan na bai-ɗaya da WhatsApp ke turawa mutane da yawa lokaci guda, don ba ya isa sai ga wadda ta ajiye lambarki, kuma ko ya isa ba ya da zumunci a cikinsa.

Akwai wata baiwar Allah da muka yi maƙwabtaka, mai yin alkaki da dubulan. Duk wadda ta yi oda, sai ta sa mata guda uku a wata ƙaramar roba daban, ta ɗaure da zare, ta ce wa mai kai saƙo, "Ka ce mata wannan ba nata ba ne, na maƙwabciyarta ne." Na ga wannan roba da idona a gidan wata ƙawata, an buɗe ta a kan tiren shayi, mata huɗu suna gutsura, ɗaya tana ɗaukar hoton lambar da ke jikin murfin. Gani ya kori ji, ɗanɗano kuma ya kori gani.

To ga inda kuɗinki za su tafi. Ki je maɗaba'a a buga miki sitika mai sunan sana'arki da lambar waya, da Larabci da Hausa, don maƙwabciyar nan wataƙila Balarabiya ce ko 'yar Yaman. Ki sayi ƙananan robobi masu murfi. Ki ware wani abu na ɗanɗanon kyauta. Hoto kuwa ba ya buƙatar sabuwar waya: ki ɗauka da safe kusa da taga, a kan farin faranti, ki jera a kundin kaya na WhatsApp Business da farashi a rubuce. Mace da yawa kunyar tambayar "nawa ne?" ce ke hana ta saye.

Ki kuma lura da lokaci. Ma'aikatan gwamnati a nan ranar 27 ga watan Miladiyya suke karɓar albashi, saboda haka tallarki ta fi ƙarfi a makon. Babbar kasuwarki kuwa Sha'aban ce, lokacin da gidaje ke cika firiza da ɗanyar sambusa kafin azumi, don haka tun Rajab za ki fara sanarwa. Batun mandub, wato mai kai kaya gida-gida, ki yi yarjejeniya da mutum ɗaya amintacce, ki haɗa odar kowane yanki a rana guda, kar kuɗin kaiwa ya cinye ribar.

Ta biyu daga wani magidanci a Makka:

"Hajiya, maiɗakina tana haɗa turaren wuta da humra. Muna so mu samu alhazai da masu Umara. Iƙama, wato takardar izinin zama, muke da ita, wani abokina ɗan ƙasa ya ce mu yi rajista da sunansa."

Malam, don Allah ka bar wannan shawara ta abokinka. Ita ce ake kira tasattur, kuma hukuncinta yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, ya hau kanka ya hau kansa. Takardar izinin yin sana'ar kai da ma'aikatar ƙwadago ke bayarwa kuwa ta 'yan ƙasa ce. Kafin ku faɗaɗa komai, ka je ka tambayi hukuma da kanka abin da iƙamarku ta halatta muku, kada ka tsaya ga "an ce".

Game da alhazai kuma, ka tuna baƙo ne mai lissafin kilo. Kwalbar da ta wuce mililita 100 ba ta shiga jakar hannu a jirgi, saboda haka ƙananan kwalabe masu rufuwa da kyau su ne na tsaraba. Amma alhaji sau ɗaya zai saya ya tafi. Wadda za ta dawo wa uwargida kowane wata ita ce mai ƙunshi da mai gyaran amare na unguwarku, domin duk amaryar da ta zauna gabansu sai ta tambayi turare.

Wata kuma ta tambaya ko ta sayi babbar firiza bashi tun kafin azumi. 'Yar'uwa, sau nawa kika mayar da oda bara saboda rashin wurin ajiya? In kin ƙirga sun kai kuɗin firizar, ki saya. In ba su kai ba, ki nemi ta hannu a Haraj, kasuwar tsofaffin kaya, ki sa a kunna ta a gabanki ki ga ta yi ƙanƙara kafin ki miƙa ko riyal ɗaya.