Ku Tambayi Injiniya: Na'urar tef mai zare da kwamfuta, za su zauna a situdiyo ɗaya?

TAMBAYA: Salam Injiniya, barka da aiki. Ina da ɗan situdiyo a Kano, manhajar haɗa kiɗa ta Cubase nake amfani da ita da sankad, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta tana fitar da shi, da piyano Yamaha. Wani ya kawo min tallan tsohuwar na'urar tef irin mai manyan faifai guda biyu ɗin nan da ke juyawa, Revox B77 ce, wai idan na bi da waƙa ta cikinta sauti zai yi nauyi irin na da. Dan Allah gaskiya ne ko cika baki ne na ɗan kasuwa? Kuma yaya ake haɗa ta da kwamfuta?
Daga wani mai situdiyo, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Mai tallan bai yi maka ƙarya ba, amma bai gaya maka duka ba, ai ka san ɗan kasuwa. B77 na'ura ce mai kyau, kamfanin Studer na Suwizalan ne ya yi ta, zarenta mai faɗin kwata na inci ne, layi biyu take ɗauka a tafi guda, hagu da dama. Ke nan ba za ta maye maka gurbin Cubase ba ko kusa, kar ma ka fara wannan tunanin. Manyan situdiyo na Turai da Amurka da kake jin suna aiki da tef, irin su Studer A800 ko Otari MTR-90 suke da su masu zare inci 2 da layi 24, kuma faifai guda a gudun inci 30 cikin sakan minti 16 da ɗoriya kawai yake ɗauka ya ƙare. Su ɗin ma yawanci da sun ɗauka sai su juye cikin manhajar Pro Tools a kwamfuta su ci gaba da yanka da gyara a can, don babu mai son komawa zamanin yanka zare da reza a liƙe da salatif.

Abin da tef ke yi wa sauti kuwa, a taƙaice lalata shi yake yi amma lalatawa mai daɗin ji. Zaren nan ƙurar ƙarfe ce aka shafa a jikin leda, maganaɗisu ne ke rubuta sauti a kai, to idan ka tura masa ƙara da yawa ba ya fashewa farat ɗaya kamar yadda kwamfuta ke yi in mita ta taɓa ja, a hankali yake ƙoshi, sai ya danne kaifin dukan ya ƙaro wani ɗan kauri. Ka ɗauki kalangu ko kotso da makirufo kai tsaye zuwa sankad ka ji yadda bakin dukan ke tsinke kunne, sannan ka bi da shi ta tef ka ɗan matsa masa, za ka ji dukan ya zauna, kamar an yi wa tuwo tuƙi na biyu. Haka kukuma da goge, wannan tsinin nasu na sama yana laushi. Sannan a gudun inci 15 akwai ɗan tudu da na'urar ke ƙara wa bes a ƙasa, shi ne nauyin da mutumin naka yake faɗa. Kiɗan piyano Yamaha ɗin nan namu da ke fitowa a bushe, gaskiya yana amfana. Amma fa tare da haka za ka sami shuuu ɗin nan na tef, da ɗan rawar murya idan robar da ke danne zare ta tsufa, kuma a tsohuwar na'ura kusan kullum ta tsufa.

Haɗawar ba wuya. Ka fito da waya biyu daga sankad zuwa mashigar na'urar, ka dawo da biyu daga mafitarta zuwa sankad. B77 hed uku gare ta, wato 'yan kawunan ƙarfen da zare ke bi ta kansu, na gogewa, na ɗauka, na sauraro, to ka juya makunnin ya zama daga zare kake ji ba daga mashiga ba, ka danna ɗauka a na'urar, ka kunna waƙar a Cubase kana sake ɗaukar abin da ya dawo a sabon layi lokaci guda. Abin da ya dawo zai makara kaɗan saboda tazarar da ke tsakanin hed ɗin ɗauka da na sauraro, misali in tazarar inci ɗaya da rabi ce a gudun inci 15, kashi ɗaya cikin goma na sakan ke nan. Ka sa tafi ɗaya ko bugun sanda a farkon waƙar, bayan an gama ka ja layin baya har tafin biyu su hau kan juna, shi ke nan. Abin da ba na so ka yi shi ne ka ɗauka a zare, ka mayar baya, sannan ka kunna ka juye, don motar da ke jan zaren ba ta taɓa gudu iri ɗaya cif sau biyu, kafin ƙarshen waƙa za ka ji amshi ya bar kiɗa a baya. A da sadaukar da layi guda ake yi a rubuta masa lambar lokaci ta SMPTE don kwamfuta ta bi sawun na'urar, kai da layi biyu kacal ba ka da na sadaka. Ni dai in nine, ko dai in haɗa duk gangunan su bi tare, ko in bari sai na gama mikisin gaba ɗaya in bi da shi sau ɗaya, in ajiye wanda bai bi ba a gefe in kwatanta a ƙara iri ɗaya. A ƙara iri ɗaya fa, don kunne maƙaryaci ne, duk wanda ya fi ƙara shi zai ce ya fi daɗi.

Kafin ka ba da kuɗi, ka tambayi kanka wa zai gyara min ita. Wannan ita ce tambayar, sauran duk sauƙi. Na'ura ce mai shekara wajen 40, kafasitocinta, wato ƙananan kayan lantarkin cikinta masu riƙe caji, sun gaji, hed in ya cinye ya yi rami sautin sama ya tafi ke nan, kuma saita ta sai da zaren gwaji na musamman. Ka duba bayanta ka ga a kan wuta mai ƙarfin bolt 110 take ko 220 kar ka ƙona ta ranar farko. Ita B77 da sauƙi, motarta na da abin da ke riƙe gudunta, amma akwai tsofaffin na'urorin Amurka da ke bin bugun wutarsu mai sau 60 a sakan, in ka sa musu tamu mai sau 50 sai su yi ta jan ƙafa, a janareto kuwa sai abin da Allah ya yi. Sitabilaiza dole, inbata ta fi. Ƙurar hunturu kuma abokiyar gabarta ce, a rufe ta da ƙyalle, a goge hed da auduga da sipirit mai ƙarfi wanda ba ruwa a ciki kafin kowane aiki. Sabon zare ana yi har yanzu, ATR Magnetics a Amurka da Recording The Masters a Faransa, sai dai da dala ko yuro za ka saya ka kuma biya kuɗin kawowa. In lissafin ya fi ƙarfinka, fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙarawa a cikin Cubase, irin su Waves J37 suna kwaikwayon abin sosai, kuma mai sauraro a sifikar waya ko a Keke Napep wallahi ba zai bambance ba.

TAMBAYA: Injiniya ni dek ɗin kaset gare ni, ba zai yi wannan aikin ba?
Daga wani ɗalibi, Zariya

AMSA: Zai yi wani abu, amma ba shi ba. Kaset da Philips suka fito da shi a 1963 gudunsa bai kai inci 2 a sakan ba, zaren kuma siriri, don haka shuuu ya fi yawa, sama tana dusashewa. In sautin tsohon kaset ɗin kasuwa kake nema da gangan, bismillah, gwada shi a kan amshi ko ganga, ba ka da asara.

TAMBAYA: Mahaifinmu ya yi aikin rediyo, Allah ya jiƙansa, ya bar mana faifan zare kusan kwali guda, muna so mu juye su a kwamfuta. Mun gwada ɗaya sai ƙiii yake yi yana tsayawa.
Daga wata 'yar uwa, Kaduna

AMSA: Amin Hajiya, Allah ya gafarta masa. Dan Allah ku tsaya haka, kar ku sake kunna ko ɗaya. Wannan kukan alama ce gam ɗin da ke riƙe ƙurar ƙarfen ya sha laima ya yi danƙo, ya fi kama zaren shekarun 1970 da 1980 irin su Ampex 456. Ya taɓa faruwa da ni, minti biyu na kunna wani faifai na duba hed na tarar da baƙin danƙo kamar kwalta, wannan danƙon muryar mutumin ce ta kankare, kuma ba ta dawowa. Maganin da masu adana tarihi ke yi shi ne gasa zaren a zafi kaɗan, digiri 50 zuwa 54 a ma'aunin Celsius, na sa'o'i da yawa a na'urar da ke riƙe zafi daidai, ba a rana ba, ba a oban ɗin gas ba. Yana ba da 'yan kwanaki ko makonni da zaren zai kunnu lafiya, a nan ake juyewa sau ɗaya. Amma ku ɗaga kowane faifai a haske tukuna, wanda haske ya ratsa ta gefensa ko yake warin binega tsohon nau'in zare ne da ake kira asitet, shi ba a gasa shi sam, lalacewa zai yi.

Ku nemi tsohon injiniyan gidan rediyo, irin waɗanda suka yi zamani da mahaifinku, su suka san hannun abin. A juye a tsarin fayil na WAV wanda ba ya matse sauti, bit 24, ba MP3 ba, a ajiye a wuri biyu. Ku ɗauki hoton rubutun da ke bayan kowane kwali kafin a fara, sau da yawa kwanan wata da gudun zaren da sunan mai magana duk a nan Baba ya rubuta su, faifan kuma ku jera su a tsaye a ɗaki mai sanyi ko bayan an juye.