Ku Tambaya, Mu Amsa: Launin bango ya ƙi zama a DOSBox

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina buɗe wata tsohuwar manhajar lissafi da DOSBox 0.74, manhajar da ke kwaikwayon tsohon tsarin MS-DOS, baƙin bangon nan kuwa yana gajiyar mini da ido. Na buga COLOR 1F kamar yadda nake yi a Windows, aka ce ba a san umarnin ba. Na gwada lambar ANSI, wato jerin alamomin da ake aika wa allo don sauya launi, bayan haruffa ya yi shuɗi, amma ina buga CLS komai ya koma baƙi. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Umarnin COLOR na Windows ne, MS-DOS ba shi da shi, haka ma DOSBox 0.74. Hanyar ANSI da ka bi ita ce daidai, CLS ɗin ne ke warware maka aiki. A wannan siga ta DOSBox, CLS ba shara kawai yake yi ba, sake saita allon yake yi daga tushe zuwa yanayi na 3, wato layi 25 masu haruffa 80, kuma duk lokacin da aka yi haka kowane gurbi sai ya koma farin toka a kan baƙi.

Ka buɗe sabon fayil mai suna LAUNI.ANS. Ka fara da harafin ESC, mai lamba 27, sai [1;37;44m, ka sake sa ESC, sai [2J. A cikin EDIT na DOS, Ctrl+P ake dannawa sannan Esc kafin harafin ya shiga, zai fito kamar 'yar kibiya mai kallon hagu. Kada ka rubuta E, S, C da hannu, nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Lamba 37 fari ce, 1 ta ƙara mata haske, 44 kuma shuɗin bango. Shi [2J shi ne mai share allo da launin da ka zaɓa, don haka dole ya zo bayan launin. Sai ka sa TYPE LAUNI.ANS a sashen [autoexec] na fayil ɗin saitin DOSBox, bayan layin MOUNT da layin shiga C:. In kana son share allo, ka buga TYPE LAUNI.ANS maimakon CLS. DOSBox na fahimtar ANSI da kansa. Idan kuwa ainihin MS-DOS ne kake gudanarwa a wata manhajar kwaikwayo, sai ka sa DEVICE=C:\DOS\ANSI.SYS a CONFIG.SYS tukuna.

A kula: jerin launukan ANSI daban yake da na allon. A allon, 1 shuɗi ne, 4 ja. A ANSI, 41 ja ne, 44 shuɗi. Wanda ya nemi shuɗi ya ga ja, nan ya cakuɗa. Kuma wannan gyara na wurin buga umarni ne kawai. Manhajar lissafinka, in tana zana allonta da kanta, a cikin saitinta za ka nemi launinta.

Tambaya: Na zaɓi bango ruwan ɗorawa a wata manhaja, sai ya fito ruwan ƙasa, rubutun kuma yana ta ƙiftawa. Kwamfutata ce ta lalace?

Amsa: Lafiyarta ƙalau, Malama. Kowane gurbi a allon yana cin bait biyu (kowane bait bit takwas ne) a ma'ajiyar allo da ta fara daga adireshin B800: ɗaya na harafi, ɗaya na launi. A na launin, bit huɗu na harafi ne, shi ya sa yake da launi 16. Bango uku kacal ya samu, launi 8 ke nan. Bit na ƙarshe aiki biyu yake yi, ko ƙiftawa ko ƙara wa bango haske, kuma ƙiftawa ce ke kunne tun farko. Ruwan ɗorawa lamba 14 ce, wato 6 da ƙarin 8. Allon ya ɗauki 6, ruwan ƙasa, ya mai da 8 ɗin ƙiftawa.

Maganinsa ɗan shiri ne mai bait 10. Ki samo DEBUG, shirin da ake rubuta ƙananan shirye-shirye da shi, na MS-DOS ko FreeDOS, don DOSBox ba ya zuwa da shi. Ki buga waɗannan, kowanne a layinsa: A100, MOV AX,1003, MOV BX,0, INT 10, INT 20. Ki danna Enter a layin da ba komai, sannan N HASKE.COM, RCX, A, W, Q. Daga nan, kina buga HASKE ƙiftawa ta tsaya. Sai a katin allo irin EGA ko VGA yake aiki, saboda haka ki duba layin machine= na fayil ɗin saitin DOSBox ya kasance svga_s3 ko vgaonly. Idan manhajar tana sake saita allo yayin tashi, za ta kunna ƙiftawar kuma, nan gara ki haƙura da launuka takwas ɗin farko.

Tambaya: Na fita daga wani wasa, launuka duk sun rikice.

Amsa: Wasan ya canza teburin launuka na VGA, ya fita bai mayar ba. Nan CLS na DOSBox ke da rana, don sake saita allon yana dawo da teburin asali. A MS-DOS, MODE CO80 za ka buga. Idan kuwa babu launuka ko kaɗan tun daga buɗewa, an sa machine=hercules ne, allon launi ɗaya. Ka mayar da shi svga_s3, ka rufe DOSBox ka sake buɗewa.